Rabin Jimlar Ustaz Labaran

Dar Salam, Umdurman
10 ga Janairu, 1993

Zuwa ga 'yata Awadiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Ta'iz, yaya fama da 'yan makarantar Yaman? Ki ja min kunnen angona Ado, ki ce masa har yau ban ga zanen da ya yi min alkawari ba. Mu nan sai godiyar Allah.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Babanki ba shi da lafiya. Yau kwana ashirin da uku ke nan, ya dawo daga sallar azahar, ya sunkuya zai cire takalmi a bakin rumfa, sai ya tafi gefe ɗaya kamar buhun da ba a jingina daidai ba. Na ɗauka santsi ne, har na fara yi masa faɗan takalmin da na ce ya jefar tun bara. Maƙwabta ne suka kama aka sa shi a mota zuwa asibiti. Kwana tara muka yi a can. Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa. Ban rubuto miki tun lokacin ba don ina jira in ga inda abin zai tsaya. Ya tsaya, ba gaba ba baya.

Yana ci idan an ba shi, yana kallon mutane, yana barci. Magana ce ta tafi. Hausar da ya sha a nono babu, Larabcin da ya yi shekara sittin yana gardama da shi babu. Ko sunana bai kira ba. Abu ɗaya ya rage a bakinsa, shi ma na Turanci. Yakan buga hannun hagu sau biyu a katakon angarib, gadonsa na igiya, ya ce "Ai wan tu," sai ya tsaya ya zuba min ido. Yadda na ji haka na rubuta, ke da kika gaji sana'arsa sai ki gyara. Wani ƙaramin likita ya ce min ma'anarsa "ina son in", wato rabin magana ce, sauran rabin ne ya maƙale. Kin ji mutum, shekara talatin da ɗaya yana koya wa 'ya'yan mutane Turanci, bai taɓa yi min kalma ɗaya a gida ba, sai yanzu da ba ni da inda zan kai ta.

To tunda yana son wani abu, sai muka shiga kawowa. Na kawo ruwa, na kawo shayi, buta, carbi, rediyo, tabarau, har hotonki na ranar da kika gama makaranta. Kowanne sai ya kalla, ya kau da kai, ya sake buga katako. A yini yakan yi haka sau talatin ko fiye.

Baffanki Jibrin ya zo daga Jazira da labari ya kai masa. Ya kwana biyu, ya ga yadda nake fama wajen ɗaga Babanki, ya ce ba zai bar ƙaninsa a hannun mace ɗaya ba, alhali ga gida cike da maza a kambo, sansanin 'yan aikin gona, ga matarsa Fatna, ga malamin da ke ba da rubutu. Ya ce idan an gama tsinkar auduga, bayan ƙaramar Sallah, zai zo da lori ya tafi da shi. Kin san ni ba zan iya binsu ba. Takardar filin gidan nan ba ta fito ba, masu rabon filaye na gwamnati suna ta zagayawa, gidan da suka tarar a rufe sai su ba wani. Idan ya tafi, shi can ni nan ke nan, bayan shekara talatin da huɗu da aure. Kuma ba sai na tuna miki abin da Babanki yake faɗa game da kambon 'yan auduga ba, inda ya fara tsinka yana ɗan shekara bakwai, ya binne uwarsa yana ɗan tara. Ya sha cewa ko gawarsa kada a kai can.

Na faɗa wa Baffanki haka. Ya ce wannan magana ce ta mai lafiya, yanzu mara lafiya za a tambaya. Muka tsaya a kan cewa ranar da ya dawo za a tambayi Babanki a gaban shaidu, abin da ya nuna shi za a yi. Na yarda, don ban ga abin da zan ce ba.

Kada ki ce za ki taso. Shekarar makaranta ba ta ƙare ba, idan kika bar aikin ba za su mayar da ke ba. Na san za ki tambayi yadda nake. Ban yi kuka ba, Awadiyya, kuma ba jarumta ba ce. Na nemi kukan ban same shi ba. Ina wanke shi, ina juya shi, ina shanya zanen gado, kamar labarin wata mata ake ba ni.

Ki gaida maigidanki da kyau. Ki sa Babanki a addu'a. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Barira


Dar Salam, Umdurman
7 ga Fabrairu, 1993

'Yata Awadiyya,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan kuna lafiya gaba ɗayanku. Yaya jikin yara, yaya gida? Amsarki ba ta iso ba tukuna, amma wani malami zai koma Yaman jibi, shi ya sa na ce kada in bar hanya ta wuce ni.

Na daina zuwa Kasuwar Libya. Gyaɗar yanzu a ƙofar gida nake kasa ta, wanda ya zo ya ƙwanƙwasa in fita. Ɗaga Babanki kuwa na samo dabara: nakan zagaya tsohon tob ɗina, dogon mayafin nan, ta ƙarƙashin hammatarsa, in ɗaura a ƙuguna, in ja da baya har ya zauna. Mutumin da nake wa tsiya cewa iska za ta ɗauke shi, ashe ƙashinsa nauyi gare shi. Bayana yana ciwo daga wuya har ƙasa, amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Akwai wata sista a ɗakin shan magani na unguwa, sunanta Bakhita, ita aka turo ta riƙa auna masa jini. Ranar da ta fara zuwa, tana ganinsa ta ce ai wannan Ustaz Labaran ne, shi ya koyar da su a makarantar 'yan mata ta Umbadda. Tana cikin naɗa masa abin awo a hannu sai ya zame hannun, ya buga katako sau biyu, ya faɗi rabin maganar nan tasa. Matar nan mai 'ya'ya huɗu ta saki kayan aiki, ta miƙe tsaye ƙyam, ta sa hannu a baya, ta ce, "I want to drink water."

Awadiyya, ya gyaɗa kai. Tun ranar da ya faɗi ban ga ya amsa wa kowa komai ba sai ranar. Ya sake bugawa, ta sake ba shi wata, ya gyaɗa. Sun yi haka ya fi sau goma, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Daga nan ya lumshe ido, ya yi barcin rana mai nauyi har la'asar.

Ta ce haka yake yi musu a aji. Zai buga tebur sau biyu, ya faɗi kan jimla, ya nuna yarinya da ido, ita kuma ta tashi ta maimaita ta ƙarasa. Wai duk wadda ta bi ta hannunsa, ko daga barci aka tashe ta aka buga tebur sau biyu sai ta miƙe. Na ce to ni ma a koya min. Ta yage kwalin shayi ta rubuta min, na kwafa miki don ki ga inda uwarki ta kai:

I want to drink water, ina son in sha ruwa. I want to sleep, ina son in yi barci. I want to pray, ina son in yi sallah. I want to sit outside, ina son in zauna a waje. I want to eat. I want to go to the market. Akwai wasu uku, tara ke nan. Abin ba wuya yadda kuke kambama shi. Kan ɗaya ne ba ya motsi, jelar ce ake sauyawa, yadda ake sauya miya tuwo yana nan. Rubutun ne maƙaryaci, abin da aka rubuta daban, abin da ake faɗa daban, don haka da kunne na riƙe.

Ranar farko da na gwada ni kaɗai, na ce masa I want to water. Ya ɓata fuska, ya yi tsaki da rabin bakin da ke motsi, ya sake bugawa. Na sake, ya sake tsaki. Sai da Bakhita ta dawo ta ce bayan kalmomin nan uku aiki ne yake biyowa, sha ko ci ko tafiya, sannan a kawo abin da za a sha. Ba a tsallake aikin a faɗa kan ruwan. Na gyara, ya gyaɗa kai. Shekarata hamsin da uku, an yi min tsaki a kan karatu a cikin ɗakina. Na ce masa da ya sa ni a ajin tun ina amarya da yanzu na zama hedimasta.

Ga abin da nake gani. Mutumin da ya gane kuskure, hankalinsa yana nan. Ƙofofin duka sun rufe masa, wannan ce kaɗai ta rage, ta nan yake son ya gaya min buƙatarsa. Yanzu idan ya buga nakan faɗi ɗaya daga cikin taran, idan ya gyaɗa kai in tashi in yi abin. Wani lokaci in kawo ruwan ya ƙi sha, amma kin san Babanki da taurin kai tun yana da lafiya.

Na sa Bakhita ta ƙara min biyu a bayan kwalin: I want to stay in my house, da I want to go to Jazira. Ina son in zauna a gidana, ina son in tafi Jazira. Ta yi jim kafin ta rubuta, kamar za ta ce wani abu, sai ta fasa. Ban gwada su a kansa ba tukuna, ina so bakina ya faɗa da su sosai. Ranar da Baffanki ya zo, Babanki zai ba shi amsa da kansa.

Ba zan ce miki ina murna ba, abin bai kai can ba. Amma na ci abinci jiya har na ƙara.

Gaisuwa ga maigidanki da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Taki,
Barira


Dar Salam, Umdurman
12 ga Maris, 1993

Awadiyya,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, yaya ibada, yaya mutanen gidan? Allah ya karɓa mana. Takardarki ta iso makon jiya, na karanta sau uku. Na ga inda hawaye ya ɓata tawada. Na ga kuma inda kika ja layi biyu a ƙarƙashin maganarki, cewa ko me za a yi kada in bari a kai Baba kambo. Na ji.

Abin da na rubuta miki a takardar da ta wuce ba haka yake ba. Ki bar shi a matsayin zancen tsohuwar da ta ga haske a bango ta ɗauka taga ce.

Wata safiya na gama ba shi shayi kofi biyu, ya buga, bakina ya riga ni na ce I want to drink water. Ya gyaɗa kai. Na kawo, ya datse baki. Na tsaya da kofin a hannu ina kallonsa. Da ya sake bugawa sai na ce bari yau in yi mai gaba ɗaya. Na ce I want to stay in my house. Ya gyaɗa, har na ji numfashina ya sauka. Ya sake bugawa, na ce I want to go to Jazira. Ya gyaɗa. Irin gyaɗawar, ba ragi ba ƙari.

Kwana biyar ina juya su. In fara da wannan, in fara da wancan, da safe, da rana, yana jin yunwa, yana ƙoshe. Duk ɗaya. Da Bakhita ta zo na ce ta ba ni jimlar da mai hankali ba zai so ba. Ta ce in gwada I want to eat the door, ina son in ci ƙofa. Na faɗa. Babanki, Ustaz Labaran, ya dube ni da kyau ya gyaɗa kai.

Bakhita ta ce abin da ta so gaya min ke nan tun ranar da ta ƙara min biyun nan, ta ga na samu abin riƙewa ta kasa. Ba buƙatarsa yake faɗa ba, darasi yake bayarwa. Idan jimla ta zauna daidai ya gyaɗa, idan ta karkace ya yi tsaki. Ko a aji bai taɓa tambayar yarinya ko da gaske tana son zuwa kasuwa ba. Ta ce kada in yi masa tambayar a gaban mutane, don abin da zai bayar ba amsa ba ce. Na ce na ji. Ita ma an mayar da ita wani ɗakin magani a Kalakla, daga ƙarshen watan nan ba za ta ƙara zuwa ba.

Na zauna na duba abin. Baffanki bai san wannan ba, liman bai sani ba, duk unguwar nan an ɗauka Barira ta samo hanyar magana da mijinta. Ke nan ranar da aka taru, jimlar da na faɗa ita za a yi. Ki kwantar da hankalinki, na san wadda zan faɗa. Ƙarya ce, amma ƙaryar da ta dace da abin da ya faɗa da bakinsa lokacin yana da baki.

Jikinsa kuwa, gyambo ya fito masa a ƙugu saboda kwanciya. An ce a riƙa juya shi kowane awa biyu, ni kuma sau huɗu nake iyawa a yini. Ranar Talata tob ɗin ya zame, muka zube ƙasa tare. Na kasa mayar da shi gado, mazan unguwa duk sun fita nema. Na shimfiɗa masa tabarma a inda ya faɗi, na zauna kusa da shi daga azahar har la'asar, ina azumi, ƙudaje suna bin gyambon. Yana kwance a ƙasan ya lalubi ƙafar gado ya buga sau biyu. Ban amsa ba. Ba fushi nake ba, kawai ban ga dalilin buɗe baki ba. Ya jira, ya sake bugawa, ya jira. Daga baya na ce masa I want to sleep, ya gyaɗa kai.

Tunda na gane ba da ni yake ba, sai ɗakin ya zama kamar ba kowa. Da ina jin ina jinyar mijina. Yanzu ban san wa nake jinya ba, kuma abin ba ya min zafi yadda ya kamata. Wannan rashin zafin shi ne yake ba ni tsoro.

Kada ki aiko da komai, akwai abin da za mu ci. Ki gaida kowa. Allah ya kai mu Sallah lafiya.

Mahaifiyarki,
Barira


Dar Salam, Umdurman
14 ga Afrilu, 1993

Zuwa ga Awadiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan an yi Sallah lafiya. Ni lafiyata ƙalau. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Babanki yana kambo. Yau kwanansa goma sha ɗaya a can.

Baffanki ya iso ranar Asabar da hantsi, shi da Fatna da samari biyu cikin 'ya'yansa. Aka kira liman da maƙwabta biyu, aka fito da angarib ƙarƙashin rumfa. Baffanki ya durƙusa ya tambayi ƙaninsa da Hausa, ya tambaye shi da Larabci, ya kira shi da sunan da uwarsu take kiransa. Babanki yana kallon kara a rufin rumfa. Sai liman ya ce ai an ce Hajiya Barira tana da hanyar da suke fahimtar juna, a ba ta wuri.

Na matso na zauna a bakin gadon. Ba a daɗe ba ya buga. Na fara da ta ruwa don su gani, ya gyaɗa, na kawo, ranar da zafi, ya shanye kofin tas. Liman ya yi kabbara a hankali. Baffanki ya share ido ya ce to a tambaye shi maganar da ta tara mu.

Wata guda ina maimaita jimlar zaman gida. Ina tankaɗe ina faɗa, ina suya ina faɗa. Ya buga sau biyu, ya ce I want to, ya zuba min ido. Na buɗe baki na ce, "I want to go to Jazira."

Ba wanda ya nemi fassara, kowa ya ji sunan Jazira. Babanki ya gyaɗa kai.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce miki suɓutar baki ce. Amma Baffanki mutum ne mai tsoron Allah. Ya dube ni ya ce, "Barira, ki tambaye shi ɗayan ma, don mu fita haƙƙinsa." Na ce, "Ba sai an wahalar da shi ba, Yaya. Kun ga amsarsa."

Na faɗa da hankalina, idona biyu. Na yi ta neman dalilin da zan rubuta miki wanda zai yi kyau a takarda. Zan iya cewa saboda gyambon ne, zan iya cewa can akwai hannaye, kuma duk gaskiya ne. Amma a lokacin ba gyambon na tuna ba. Na ga samarin nan biyu tsaye da damatsansu, na ji bayana, na ji na gaji. Iyakarta ke nan. Kin ja layi biyu, shi ma ya faɗa min ya fi sau ɗari, na sani sarai na yi.

Ba su kwana ba, don lorin na haya ne. Da gadon suka ɗaga shi, mutum huɗu, kamar ba komai, suka sa shi tsakanin buhuna suka kafa masa inuwa da bargo. Na haɗa masa kaya, riguna uku, magani, tabarau. Fatna ta ja ni gefe ta ce in koya mata abin da ake ce masa idan ya buga, tunda ita za ta riƙa zama da shi. Kwalin shayin yana ɗaure a bakin zanena. Na yi lissafin abin a tsaye: idan na koya mata, kwana uku ya ishe ta ta gane kowacce aka faɗa gyaɗawa yake, daga nan Baffanki zai san abin da aka yi a ƙarƙashin rumfar nan a gaban liman. Na ce mata ba wani abu ba ne, idan ya buga ta ba shi ruwa.

Da direba ya tayar da mota na ji bugu biyu daga sama. Na ji muryarsa. Ya faɗi rabinsa ya yi shiru yana jira. Samarin suka dubi juna, Fatna ta fara kwance bakin jarkar ruwa. Ina tsaye a ƙofar gida da jimla goma sha biyu a bakina, har lorin ya sha kwana wajen masu jakin ruwa.

Na shiga na share ɗakin, na wanke zannuwa, na kwanta. Sai washegari da hantsi na farka. Tun daga ranar ina ci ina barci, bayana ya yi sauƙi, na koma kasuwa. Mata suna yi min sannu da kewa, ina amsawa. Ina jira abin ya faɗo min, bai faɗo ba.

Shekaranjiya wani ɗan kambo da ke kawo kuɓewa kasuwa ya tsaya wurina da saƙon Baffanki. Ya ce gyambon ya fara bushewa, ana juya shi dare da rana, yana shan rubutu, har ya ɗan yi ƙiba. Sai dai bugun nan. Wai daga safe har yamma yake yi, ya faɗi abin nan na Turanci, ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Sun kawo masa duk abin da ke gidan. Gefen hannunsa ya kumbura ya fashe, sai Fatna ta naɗe katakon gadon da tsumma don kada ya ji ciwo. Yanzu yana bugawa ba a ji.

Na juya jimlolin nan tara da ajami yadda Fatna za ta iya karantawa, kowacce yadda ake faɗarta. Takardar tana ƙarƙashin farantin gyaɗa. Motar da ke bi ta kambo takan tashi kowace Talata. Talata biyu sun wuce, nakan kai har bakin tasha in dawo da ita.

Ga abin da nake roƙonki. Idan an rufe makaranta, kada ki fara sauka nan. Ki wuce kambo kai tsaye. Ki kwance tsumman nan, idan ya buga ki miƙe tsaye ki ƙarasa masa, ki yi ta yi har ya gaji ya yi barci. Baffanki zai tsaya yana kallo, zai gane abin da zai gane. Idan ya tambaye ki, kada ki rufa min asiri. Bayan nan idan kina iya kallon fuskata, ƙofa a buɗe take.

Hutunku saura wata biyu da rabi. Na ƙirga, kuma na san a yini sau nawa yake bugawa.

Ki shafa min kan yara. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fi uwarki.

Ni ce,
Barira